Daga Rugar Fulani zuwa Ƙwayar Ciwon Hanta

A shekarar 1957, saura shekara uku Najeriya ta karɓi mulkin kai, wasu Turawa biyu suka shigo Arewa da akwatunan kwalabe da allurai, suna bin Fulani makiyaya suna roƙon a bar su su ɗebi jini. Ba na mutane kaɗai ba, har na shanu, suka kuma haɗa da madara. Ɗayansu Anthony Allison ne, wanda ya tashi a Kenya, wanda kuma a 1954 ya nuna cewa mutumin da ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, zazzaɓin cizon sauro ba ya yi masa mugun kamu kamar sauran jama'a. Na biyun Ba'amurke ne mai suna Baruch Blumberg, ɗan shekara talatin da 'yan kai, yana ƙarasa digirinsa na uku a Jami'ar Oxford ta Ingila.

Babu wanda ya zo neman ciwon hanta a cikinsu. Blumberg ma ba likitan hanta ba ne, ba kuma masanin ƙwayoyin cuta ba. Amma duk jaririn da aka soka wa allura a cinya ranar haihuwarsa a asibitin tarayya na Birnin Kudu, da duk ledar jinin da aka gwada kafin a ɗaura wa mai naƙuda a Gwaram, sawun wannan mutumin ake takawa.

An haife shi a Brooklyn, cikin birnin New York, ranar 28 ga Yulin 1925, a gidan Yahudawa. Ya yi aikin sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara zurfafa karatun lissafi a Jami'ar Columbia, sai mahaifinsa ya ba shi shawarar ya koma likitanci. Ya koma. A 1950, yana ɗalibi, ya je wani garin ma'adinai mai suna Moengo a ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka, inda kamfani ya tara ma'aikata iri-iri: jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da mutanen Jawa, da Indiyawa, da 'yan asalin ƙasar. Gari ɗaya suke kwana, sauro ɗaya ke cizonsu, amma tundurmi ya yi wa wasu katutu, wasu kuwa da ƙyar a sami mai shi a cikinsu. Tambayar da ya taho da ita daga can ita ta riƙe shi har tsufa: me ya sa cuta ke zaɓen wani ta bar wani?

Zatonsa shi ne amsar tana cikin jini, cikin ƙananan bambance-bambancen da mutum ke gada daga iyaye. Abin da ya kawo shi ruga ke nan. Sakamakon tafiyar bai girgiza kowa ba: takarda kan rukunin jinin Fulanin Arewa da Yarabawa, wata kan sinadarin madarar shanu. Abin da ya ƙaru da shi na gaske shi ne ɗabi'ar tara jini. Da ya koma Amurka ya kama aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa, sai ya ci gaba da cika firji da kwalabe daga Alaska, da tsibiran tekun Pasifik, da duk inda ƙafarsa ko ta abokansa ta taka. Mu da muka ga abin da gwajin maganin sanƙarau ya jawo a Kano a 1996 muna da dalilin ɗaure fuska in aka ce baƙo ya zo ɗibar jini, kuma ƙa'idojin neman yardar mutane na wancan zamani ba su kai na yau tsauri ba. Duk da haka, wannan firjin ne ya haifi abin da ya biyo baya.

Dabarar da suka ƙirƙiro shi da Allison mai sauƙi ce. Mutumin da aka sha ƙara wa jini, kamar masu larurar da jininsu ba ya daskarewa in sun ji rauni, jikinsa ya haɗu da jinin mutane ɗaruruwa. Duk wani baƙon abu da ya shigo ta nan, jiki zai ƙera makamin yaƙarsa ya ajiye. Don haka jinin irin wannan majinyaci ya zama ma'auni. Sai a zuba wani abu mai kauri da santsi a kan gilashi, a huda rami a tsakiya a sa jinin majinyacin, a huda wasu ramuka kewaye a sa jinin mutane dabam-dabam, a bar su su tsiyaya su haɗu. In makami ya ci karo da abin da ya sani, sai wani siririn farin layi ya fito a tsakani.

A 1963 wani matashin likita mai suna Harvey Alter yana wannan aiki tare da Blumberg. Suka gwada jinin wani majinyaci ɗan New York da samfuri 24. Guda ɗaya tak ya ba da layi, kuma layin bai yi kama da waɗanda suka saba gani ba. Da aka duba takardar kwalbar, sai aka ga jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya ne, wanda wani abokin bincike ya aiko daga can. Ba su san ko mene ne ba, sai suka laƙa masa sunan ƙasar, suka shiga firji suna gwada dubban kwalabe. A cikin Amurkawa masu lafiya, kusan mutum ɗaya cikin 1,000 ke da shi. A Asiya da Afirka da tsibiran Pasifik kuwa, ga shi nan birjik.

A nan ne labarin ya fi jan hankalina, domin Blumberg ya bi hanyar da mutanenmu ke bi har gobe. Ya lura abin yana taruwa a gida ɗaya: uwa na da shi, 'ya'ya na da shi, ƙanne na da shi. Sai ya ce gado ne. Ya zauna ya yi lissafin iyalai, lissafin kuma ya yi kamar ya ba shi gaskiya. Wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san irin wannan magana. Magidanci ya rame, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura ya yi tauri ta ɓangaren dama, cikin 'yan watanni a kai shi makwanci. Bayan shekara biyu ƙanensa ya bi shi da irin ciwon. Sai a ce ciwon gidansu ne, ko a ce an yi musu jifa, a fara kallon kishiyar uwa ko wanda aka yi rigimar gona da shi. Baturen bai ce sammu ba, amma idonsa ya ga abin da namu ya gani, ya kuma yi masa fassarar da ba ita ba. Daga nan ya sake karkata: da ya ga abin ya yi yawa a jinin masu sankarar jini, takardarsu ta farko a 1965 da sunan wannan cuta ta fito.

Abin da ya warware zaren yaro ne. A lokacin Blumberg ya koma cibiyar binciken ciwon daji ta Fox Chase a Philadelphia, suna bibiyar yara masu larurar nan ta haihuwa da ake kira Down, don an san sankarar jini na yawan kama su. Waɗanda ke zaune a manyan gidajen raino, kusan kashi 30 cikin 100 suna da abin a jininsu. Waɗanda ke gaban iyayensu kuwa da wuya a samu. Wannan kaɗai ya isa ya sa shakka. Sai a 1966 wani yaro da aka gwada a baya ba shi da komai, aka sake gwadawa aka samu. Gado ba ya zuwa da rana tsaka. Suka kwantar da shi suka duba hantarsa, suka tarar ta kumbura. A shekarar da ta biyo, wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinsu da ke wuni cikin kwalaben nan ta ji jikinta ba daɗi, ba ta son abinci, fitsarinta ya yi duhu. Ta ɗebi jinin kanta ta gwada, layin ya fito. Ita ma ciwon hanta ne, ta kuma warke.

Manyan fagen ba su yi maraba da labarin ba. Sun shafe shekaru suna farautar wannan ƙwaya, an sha shelar an gano ta daga baya a ji shiru, ga kuma wani da ba ɗan gida ba ya ce ya tsince ta yana neman wani abu dabam. Wata mujallar likitoci ta mayar masa da takardarsa. Sai da Alfred Prince a New York da Kazuo Okochi a Tokyo suka tabbatar da alaƙar a 1968, sannan a 1970 David Dane ya hango ƙwayar kanta da madubin lantarki a Landan, kafin musu ya kwanta. Abin da suka yi shekaru suna kira da sunan Ostareliya ashe ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B ne.

Amfani na farko ya zo da sauri. Kafin wannan lokaci ƙarin jini caca ne: a ceci mutum daga zubar jini, bayan wata biyu ko uku shawara ta kwantar da shi. Daga farkon shekarun 1970 aka wajabta gwada jinin duk mai bayarwa a Amurka, sauran ƙasashe suka bi. Wannan gwajin ne ya sa a yau mutum zai zo ba da jini don matar wansa da ke ɗakin haihuwa, ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja shi gefe ya rage murya ya ce, Malam, naka ba zai yiwu ba, a nemo wani. Mutane da yawa a ƙasar nan a irin wannan tsayuwa suka fara jin suna ɗauke da ciwon hanta, alhali ko ciwon kai ba sa yi.

Na biyu shi ne rigakafi, kuma yadda aka same shi abin mamaki ne. Ƙwayar tana da almubazzaranci: in ta shiga hanta, ɓawon da take ƙerawa ya ninka cikakkun ƙwayoyin sau dubbai, kamar wurin da aka gama ɓarar gyaɗa, ɓawo tuli, ƙwaya 'yar kaɗan. Blumberg da abokin aikinsa Irving Millman suka ce to a tace jinin masu ɗauke da cutar, a ware ɓawon da babu komai a cikinsa, a tsabtace shi, a yi wa mai lafiya allurarsa. Jiki zai koyi yaƙi ba tare da ya ga abokin gaba na gaske ba. Sun nemi rajistar dabarar a 1969. Kamfanin Merck, a ƙarƙashin Maurice Hilleman, ya yi wahalar mayar da ita magani, aka amince da allurar a 1981. A 1986 aka koma sarrafa ɓawon ta hanyar yis, irin na burodi, babu ruwan jinin kowa. Ita ce ake yi wa yaranmu yanzu. Kafin nan, a 1976, an ba Blumberg kyautar Nobel.

Saura tambaya mafi nauyi. Likitocin da suka yi aiki a Afirka ta Yamma sun daɗe suna mamakin yawan ciwon dajin hanta a nan, ciwon da a Turai sai jefi-jefi kuma sai tsofaffi, amma a wajenmu yana ɗaukar magidanta 'yan shekara talatin da wani abu zuwa arba'in, lokacin da gida ya fi bukatarsu. Blumberg ya haɗa kai da likitocin Dakar, suka duba masu wannan ciwo a Senegal, suka tarar mafi yawan iyayensu mata na ɗauke da ƙwayar. A Taiwan, Palmer Beasley ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707. A rahotonsa na 1981 mutum 41 sun kamu da dajin hanta, 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne.

Zariya ma ta sa hannu. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tun yana Tudun Wada kafin a koma Shika, likita Y. M. Fakunle da abokan aikinsa, ciki har da Brian Greenwood, sun wallafa bincike a 1977 kan dajin hanta a wannan yanki namu. A 1981 Fakunle da M. B. Abdurrahman da Hilton Whittle suka fitar da wani kan yaɗuwar ƙwayar tsakanin yara da manya a Arewacin Najeriya, wanda ya nuna yara da yawa tun suna ƙanana sun riga sun haɗu da ita. Sunan Fakunle bai kai ko'ina ba in aka kwatanta da na Blumberg, kuma a ganina an rage masa haƙƙi, domin shi ne ya tsaya a bakin gadon majinyatanmu ya ƙirga.

Whittle ya bar Zariya ya koma Gambiya, a can ya gano wani abu da ya bambanta mu da Asiya. A Taiwan sau da yawa daga uwa jariri ke ɗauka wajen haihuwa. A ƙauyukan Keneba da Manduar kuwa, mafi yawan yara bayan yaye suke kamuwa, daga yayye da abokan wasa, ta ƙuraje da gyambo da ƙananan raunukan da ba wanda ke kulawa da su. A 1984 aka fara yi wa yaran ƙauyukan biyu allura. A 1986 aka faɗaɗa aikin zuwa ƙasar baki ɗaya, yanki bayan yanki, har aka game ta a 1990, da yara sama da 120,000 a rajista. Da aka waiwaye su sun zama samari da 'yan mata, allurar ta hana zaman ƙwayar a jiki da fiye da kashi 90 cikin 100. A Taiwan, wadda ta fara a 1984, yara masu ɗauke da ƙwayar sun sauko daga kusan kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1, dajin hanta a yara ya ragu da kusan rabi. Karo na farko ke nan da ɗan Adam ya tare ciwon daji da allura.

Sirrin duka yana ga shekarun kamuwa. Babban mutum in ya ɗauki ƙwayar, yana iya yin shawara ya sha wuya, amma fiye da 95 cikin 100 jikinsu na kore ta. Jariri kuwa ba ya nuna alamar komai, sai dai kusan 9 cikin 10 za su riƙe ta har abada. Tana nan tana cin hanta a hankali shekara ashirin, talatin, har hantar ta ƙanƙance ta taurare ko ta tsiro da daji. Abin da ya sa 'yan ɗaki ɗaya ke mutuwa a jere ke nan: tare suka ɗauka, a tabarma ɗaya, tun ba su san kansu ba. Ga kuma abokiyar ɓarna a rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da dafin da ake kira aflatoksin, kuma in ya haɗu da ƙwayar a hanta ɗaya, haɗarin daji ninkuwa yake yi. Wanda ya san yadda ake ware gyaɗa mai kyau a kai kasuwar Sara, a bar lalatacciya a gida don ƙuli da miya, ya san wa ke cin dafin.

Najeriya ba ta sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum ba sai 2004, shekara 14 bayan Gambiya ta game ƙasarta. Daga 2012 aka haɗe ta cikin allurar nan mai maganin cuta biyar da ake yi a sati 6 da 10 da 14. Ma'ana duk wanda aka haifa kafin 2004, in ba shi ya nema da kansa ba, bai samu ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. A sahun Juma'a mai mutum ɗari, wajen takwas ke nan.

Akwai allura ta daban da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 na farko, don ita ce ke tare abin da ya ɗauko daga uwa, kuma waɗanda suka ɗauka ta wannan hanya su suka fi shiga haɗarin daji daga baya. A nan al'adarmu da agogon likita suka saɓa. A karkarar Birnin Kudu da Gwaram mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yi, a hannun ungozoma. Mai jego na wanka, jariri ba ya fita sai an yi suna, in ma an fita da shi. Kafin ma'aikacin rigakafi ya gan shi, wanzami ya riga shi: an cire beli, an yi aski, wani gidan har da tsaga. Ba na cikin masu zagin wanzamai. Sana'a ce ta gado mai mutunci, kuma da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban mai gida. Amma ƙwayar nan tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ranta, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Haka ƙaho, haka abin yankan farce da ke zagaya kasuwa, haka allurar da mai kemis ya maimaita.

Abin haushi, inda ba a kamuwa nan muka fi tsoro. Za ka ga an ware wa mutum kwano da moɗa, ana gudun zufarsa a mota, wata ma a fasa aurenta. Nau'in B ba ya bin abinci, ba ya bin musabaha ko zufa. Jini ne, da haihuwa, da kwanciyar aure, kuma miji ko matar mai ɗauke da shi allura uku ta ishe su kariya. Wanda ke bin gurɓataccen ruwa da abinci wani nau'in ne dabam, A da E. Shi kuma mai ɗauke da B ba duka ke bukatar magani ba; likita ne zai auna ya gani. Wanda ya bukata, akwai ƙwayar tenofobir, guda ɗaya a rana, ba ta kashe cutar gaba ɗaya amma tana danne ta ta bar hanta ta huta. Jiƙon rawaya da ake ba mai shawara yana iya dacewa da lokacin da idon zai washe da kansa, sai a ce an warke, ƙwayar kuwa tana nan.

Harvey Alter, matashin da ya fara ganin layin, bai bar fagen ba. Ya lura ko bayan an tace nau'in B, wasu da aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta, ya nace akwai wata ƙwayar a ɓoye. Ita ce nau'in C, wadda aka gano a 1989, wadda kuma yau ake warkar da ita da maganin wata uku. Shi ma ya karɓi Nobel a 2020, tare da Michael Houghton da Charles Rice.

Blumberg kuwa ƙafarsa ba ta zauna ba. Ya koma Oxford ya shugabanci kwalejin Balliol daga 1989 zuwa 1994, Ba'amurke na farko da ya riƙe kujerar. Yana da shekara 70 da ɗoriya hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauke shi ya jagoranci sabuwar cibiyarta mai binciken asalin rai da yiwuwar samunsa a wasu duniyoyi, daga 1999 zuwa 2002. A 2010 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsayar da 28 ga Yuli, ranar haihuwarsa, a matsayin ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Bai ga bikin farko ba. Ranar 5 ga Afrilun 2011, jim kaɗan bayan ya gama jawabi a wani taron NASA a Kalifoniya kan binciken duniyar wata, ya rasu yana da shekara 85.